Makullin da ke Akwatin Tsohuwa

Kadan kogi ya sake haɗiye Mai Fitila. Tsohon talabijin ɗin ya yi kukan mutuwa, ti-ri-rim, Kaltuma ta daki cinyarta.

"Saura rai biyu, Yaya," in ji Bakri, yana kurɓar shayi.

"Na iya ƙirga, direba. Yi min shiru."

Su uku ne a falon gidan mahaifinsu da ke unguwar Aƙiƙ a Madina, ranar Juma'a bayan la'asar. An riga an kwashe kujeru, an naɗe darduma, gobe za a mayar wa mai gida gidansa. Kayan marigayin duk an raba su lafiya, har keken ɗinkinsa. Abu ɗaya ne ya kawo rigima: wata tsohuwar na'urar wasa da kaset ɗinta guda, wadda wani alhaji daga gabas mai nisa ya bar wa Baba kyauta tun Kaltuma tana 'yar makaranta. Rubutun wasan na Japan ne, babu mai karanta shi a gidan, shi ya sa Baba ya raɗa masa suna Mai Fitila, saboda yaron da ke ciki da fitila yake yawo.

Kaltuma, babbar 'ya, ta ce na'urar tata ce. Osman, auta, mai shagon gyaran waya a Anbariyya, ya ce shagonsa za ta tafi. Bakri, na tsakiya, mai tuƙa motar alhazai daga Bi'ir Ali, shi ya yanke hukunci: "Abin bai kai a kira malami ba. Kafin kiran magariba, wanda ya fara shigar da yaron nan Birnin Dutse, shi ke da ita. Yaya ce babba, ita za ta fara. In rayukanta sun ƙare, a ba Auta."

Ba wanda ya taɓa shiga birnin a gidan. Ƙofarsa da ke kan gada a kulle take, kogin da ya kewaye shi kuwa cike da kadoji, sai dai a tsallaka ta kan bayansu. Baba ya tsufa a bakin kogin nan.

"Ya ukhti, ɓata lokaci kike yi," in ji Osman, rabi Hausa rabi Larabci kamar kullum, yana kaɗa wayarsa. "Na duba. Duk duniya sun san miftah, makullin birnin, yana cikin akwati, a ɗakin tsohuwar nan ta bakin kogi. A shiga, a buɗe, a ɗauka. Khalas."

"A shiga ɗakin mace ba sallama, a buɗe mata akwati?" Kaltuma ba ta ɗauke ido daga talabijin ba. "A gidan nan ka tashi kuwa?"

Dokar Baba ke nan tun ranar farko. Mai Fitila ba ya shiga gidan kowa, ba ya fasa tukunyar kowa, ba ya ɗaukar abin da ba a miƙo masa ba. Bakri ya taɓa fasa tulu a cikin wasan yana yaro, Baba ya kashe na'urar ya sa shi wanke-wanke.

"Wasa ne fa! Haka aka ƙera shi," in ji Osman. "Kuma wallahi ƙirar banza ce. Yaro ya sa tsani da akuya a aljihu, amma ɗan shingen da bai kai gwiwa ba ya gagare shi tsallakewa. Kaza ta taɓa shi ya mutu. Kaza!"

"Kai ma kaza ta taɓa korarka har cikin banɗaki," in ji Bakri.

Osman ya ci gaba: "Ba a ajiye inda aka tsaya. A ɗauke wuta, ka koma farko."

"Nan ne daɗinsa," in ji Kaltuma. "Naku na waya, kibiya ce ke jan ka kamar tunkiya, bi nan, danna nan. Wannan ba ya lallashin kowa. Ka ɓata a daji, ka nemi hanya da kanka. Kuma ka nuna min wasa ɗaya mai kiɗa irin na kasuwarsa."

"Kiɗan kam akwai shi," Bakri ya yarda. "Har yau in go-slow ya riƙe ni da alhazai, shi nake yi da baki. Amma Yaya, tsakani da Allah, akuyar nan ba ta da amfani."

"Akuyar nan ta fi wasu 'yan'uwa."

Ta sa yaron ya yi tsalle. Bayan kada na farko, na biyu, na uku. Na huɗu ya nutse kafin ƙafa ta sauka. Ti-ri-rim.

Rai ɗaya. Wasan ya mayar da Mai Fitila ƙofar ɗakin tsohuwar, inda take tsaye da sandarta. Kamar yadda aka saba, Kaltuma ta danna ya gaishe ta, layin rubutun nan ya fito a ƙasan allo. Baba ya ce musu ma'anarsa ita ce, Allah ya kiyaye hanya, ɗana.

"Tsaya! Kar ki danna!" Osman ya yi tsalle ya kara kyamarar wayarsa a fuskar talabijin. Wayar ta juya rubutun zuwa Larabci. Ya karanta, ya buɗe baki, sai dariya ta kwantar da shi a kan siminti.

Bakri ya karɓi wayar. Ya karanta a hankali, ya mayar da Hausa: "Shigo, ɗana. Makullin birni yana cikin akwatina. Ɗauki abinka."

Kiɗan wasan na ta tashi a falon.

"Tun muna yara take roƙonku ku shiga!" Osman yana share hawaye. "Miskina! Kullum ta ce shigo, kullum ku ce amin ku tafi kada ya cinye ku!"

Kaltuma ta tuna Baba a tsugune a nan, tabarau a karan hanci, zare a kafaɗa, yana cewa saura kaɗan, gobe za mu haye. Ashe ƙofa a buɗe take, taku kaɗan daga inda yake tsayawa.

"To, an ba ki izini, Yaya," in ji Bakri a tausashe. "Halal ne. Hannun wasan yana wurinki. Shiga ki ɗauka, na'ura ta zama taki. Ni alƙali na yarda."

"La, la, ni na gano!" Osman ya miƙe.

"Ka gano, ita ke da rai," in ji Bakri.

Kaltuma ta kai yaron bakin ƙofar. Ɗakin ga shi nan, akwatin ja a kusurwa. Dannawa ɗaya. Tana son na'urar nan fiye da duk abin da aka raba a gidan, kuma ta san in ta tafi Anbariyya, cikin gilashi Osman zai sa ta samari su riƙa ɗaukar hoto.

Ta juya Mai Fitila ya fuskanci kogi.

"Yaya!" in ji Bakri.

"Ban ce haramun ba ne. Amma mutumin nan bai ƙare ƙarfin idonsa a kogin nan don ni in zo ranar ƙarshe in bi ta ɗaki ba. Ta ruwa muka faro, ta ruwa zan shiga."

"In kin faɗa fa?"

"In faɗa."

Ta gyara zama, ta ja hannun rigarta. Na farko. Na biyu. Na uku. Ta ɗan dakata, na huɗu ya nutse ya taso, ta dira a kansa. Bakri ya ajiye kofi. Na biyar. Osman ma ya matso har gwiwarsa na taɓa tata. Gaɓar can ta bayyana a gefen allo, koriyar ciyawa da ba wanda ya taɓa gani a gidan nan.

"Yalla, yalla, yalla!" Auta ne ke ihu.

Ta yi tsallen ƙarshe. Ƙafar yaron ta goge gaɓa, ta zame. Ruwa ya rufe fitilar.

Kaltuma ta miƙa wa Osman hannun wasan. Shi kuma, ba tare da ya kalle ta ba, ya faro daga farko, ya ratsa daji da kasuwa, ya shiga ɗakin tsohuwa, ya ɗauki makulli. Ƙofar birni ta buɗe ana gab da kiran magariba. Kaltuma ta juya baya, ta ƙi kallon abin da ke ciki.

"Ta Auta ce," in ji Bakri.

Ita da kanta ta zare wayoyin, ta naɗe su, ta sa na'urar a kwali ta ɗora masa a hannu.

"Ba a gilashi za ka sa ta ba. Ka jona ta a bayan kanta, ka ajiye min kujera mai jingina. Gobe bayan la'asar ina nan tafe."

"Shagona? Ya ukhti, wurin aiki ne, akwai mutane..."

"Su kalla. Kuma duk wanda ya ce min in shiga ɗakin tsohuwar nan, kai zan mara."

Ta ɗauki abayarta ta nufi famfo yin alwala.