Zobe Ɗaya a Bakin Tiyo

Sau uku na gaya wa ƙanina: tiyon da ke jawo ruwa ta ƙasan jirginmu zuwa tankin da ke ba shi nauyi, da zoben ƙarfe biyu ake ɗaure shi, a kuma sa famfon rufewa dab da ramin da ruwan ke shigowa ta cikinsa. Ya ce, "Yaya, ɗaya ma ya isa."

Muna tsakiyar kogi tiyon ya fizge. Ruwa ya yi tsiri har fuskata. Na laluba, babu famfo.

Na sharara masa mari. Ya rarumi sifanar kwance noti ya sauke mini a kafaɗa. Muka kaure da kokawa cikin ruwa har ƙauri, na buga bakinsa da gefen injin, na shaƙo wuyan rigarsa, na danna diddigensa a kan ramin.

Na ce, "Ka ɗaga ƙafar nan, in karya ta!"

Haka ya tsaya har muka kai gaɓa. Ya tofar da haƙori a tafin hannunsa. Na sake ɗaga hannu.

Ya dube ni, bakinsa jina-jina.

"Yaya," ya ce, "ɗaya ma ya isa."