Keken da Ya Fi Ƙofa Faɗi

"Ka bar baƙina su riƙa leƙa shagonka," in ji Direba, "ni kuma ƙarshen wata in kwashe maka kaya zuwa sabon wuri, kyauta."

Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki. "Su leƙa su ga me? Furfurata?"

"Su ga shagon da ya fi kowanne matsi a garin nan. Baba, masu yawon buɗe idon nan sun gaji da manyan gine-gine, abin da ba kowa ya sani ba suke nema. Jiya tsohon tankin ruwa na kai su, har tafi suka yi."

Suka tafa. Daga waje Direba ya miƙo hannu, don shagon ba ya cin mutum biyu.

Asali ma ba shago ba ne, lungu ne tsakanin otal da kantin magani, aka ɗora masa rufi. In Tela ya buɗe hannuwa sai gwiwoyinsu su daki bango. A bakin titi yake auna mutane, a cinya yake yanka yadi. Kekensa mai ƙafar ƙarfe zubi ɗaya, da ba a iya kwancewa, ya shiga ne tun kafin mai otal ya ƙara wa bangonsa kauri, yanzu ya fi ƙofar faɗi. To surukinsa ya samo masa shago mai taga, mai otal kuma, da yake lungun nasa ne, ya yarda a fasa gefen ƙofa a fitar da keken. Ƙafafun Tela sun daɗe suna begen miƙewa.

Baƙi suka fara zuwa, yau mota ɗaya, gobe biyu. Duk wanda ya tsaya a ƙofa ya tare haske, ya tare iska. Tela ya yi ta lalubar ramin allura cikin duhu, su kuwa suna cewa ya ɗago ya yi murmushi. Wata ta tambaya ko a nan yake kwana. Ko fitsari ya matse shi, sai layi ya ƙare. Ya daure, yana cewa a ransa wata ai ba shekara ba ne.

Ranar tashi ya kira magini. Bai kai ga ɗaga guduma ba sai ga mai otal da gudu, rigarsa na tashi.

"Kai! Wa ya aike ka? Ƙofar nan fa ake zuwa gani! Ɗakunana sun cika saboda ita."

"Ranka ya daɗe, da bakinka ka yarda," in ji Tela.

"Na yarda lokacin tana lungu. Kai dai in za ka tafi, ga hanya, ban riƙe ka ba."

Tela ya waiwaya ya dubi keken. Tun yana saurayi ƙafarsa ba ta san wani ba, kuma ba shi da halin sabo. Ya dubi Direba, wanda ya jingina da mota yana sosa ƙeya.

"Baba, ni fa ga motata, ban saɓa ba. Ka fito da shi in ɗauka."

"Allah ya isa tsakanina da bakinka, ɗan nema."

Suruki ya yi ta roƙon a jira, har mai sabon shago ya gaji ya ba wa wani wanzami. Tela ya koma ya shiga a karkace kamar kullum, ya zauna, ya ɗora ƙafa. Kafin ya zare zare an tare ƙofa.

Direba ya ƙara mota, mai otal ya kafa allo da kibiya tana nuna lungun, wanzami yana shan iska ta taga. Tela kuwa ya samu suna har ƙasashen da bai taɓa ji ba, ya rasa wurin miƙe ƙafa.