Idon Ɗan Toka

Akwai ɗan busasshen tabo rawaya a kan tsumman da 'ya'yan kyanwar suke kwana. Auta ta lura da shi ne tana ɗaga kwalinsu za ta yi shara. Su uku ne, mota ta take uwarsu, ita kuma ta karɓo riƙonsu daga asibitin dabbobi tun ba su buɗe ido ba. Da ta juya ƙaraminsu, wanda take kira Ɗan Toka, sai ta ga idonsa na hagu ya kumbura kamar ƙwayar wake, fatar a liƙe gam.

Da ta kai shi asibitin, likita ta ba ta man ido, ta ce, "Ki gasa da ruwan ɗumi, ki raba fatar a hankali mugunyar ta fita. In ta daɗe a ciki, idon zai mutu."

Ta gasa. Amma da ta kai yatsa sai hannunta ya hau rawa, Ɗan Toka ya tsala ƙara, ta janye.

"Uwar marayu, har yanzu?" in ji Yayarta, tana laluben takalmi a bakin ƙofa. "Ido ɗaya ma ai ya ishe shi kallonki."

"Yaya, don Allah."

Bayan fitarta Baba ya shigo, shi da ya ce kada a tara masa kuliyoyi a gida. Da can gyaran agogo yake yi, har rawar hannu ta raba shi da shago. Tun daga nan ko maɓallin riga ba ya sakawa a gaban mutane.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya jawo kujera.

"A iska kike aiki. Sauko da shi kan tebur."

Ya kama wuyan hannunta ya danne a gefen teburin. Tana jin nasa yana karkarwa a kan nata, bai kuwa ɓoye ba.

"Saki numfashi. Kafin ki ja wani, taɓa."

Fatar ta rabu. Mugunya ta tsarto, ta goge da auduga, ta sake sabuwa.

"Baba, ban iya gane ko ya lalace ba."

Ya zaro ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Ashe yana aljihunsa duk shekarun nan. Ya miƙa mata, ta maƙala, ta sunkuya. Ga ɗan ido shuɗi, jiƙe, garau, bai ma san inda zai kalla ba.

Ta shafa maganin, ta ɗago za ta gaya masa. Har ya kai ƙofa, hannuwansa cikin aljihu. Bai tsaya karɓar gilashin ba.