Kunnen da Ba a Yanka Ba

Garken barewa yana ta kewaya cikin shinge, ta hannun hagu kamar kullum, iyaye suna gurnani, 'ya'ya suna bin bayansu. Ravna ta tsaya a tsakiya da igiya a kafaɗa, idonta a kan wata 'yar barewa mai farin goshi. Tun hantsi take kallonta, ta kasa jefa igiya.

A wajenmu, mu Samawa, makiyayan barewa na can arewa ƙasar ƙanƙara, babu mai tambayar ɗan barewa na wane ne. Uwar da yake bi ake dubawa. In kunnenta na ɗauke da shaidar gidanku, naku ne, sai a kama shi a yanka masa tasa. In aka buɗe shinge bai sami shaida ba, ya girma ya bar uwarsa, to ya zama na kowa.

"Shugaba," in ji Heika, yayanta, yana goge wuƙa a wando, "ko sai an kira taro kafin ki kama ta?"

"Yaya, ka bar ni."

"Dabbobin nan yunwa suke ji. Rana na yin tsaka zan buɗe ƙofa, ko da minista ne a ciki."

Heika bakinsa ba ya hutawa, amma ya san irin wuyar da ƙanwarsa ta sha. Ravna ce shugabar makarantar garinmu. Ta fi shekara ashirin tana safa da marwa zuwa Oslo, babban birnin ƙasar, tana ja-in-ja da mutanen ofis, har suka gaji suka yarda a koyar da yaranmu da harshenmu. Bana kuma ta ciwo babbar nasara: an amince duk watan Satumba makaranta ta tashi ta koma bakin shinge, ranakun yankan kunne su shiga cikin karatu. Ga yaran can suna guje-guje da igiyoyi, ƙananan suna koyon yanka a ɓawon lemo. Ita ma da tana yarinya an kai ta makarantar kwana inda ake tsawata wa mai magana da harshen gida, don haka wannan rana ta daɗe tana mafarkinta.

Sai dai a cikin yaran babu nata. 'Yarta ɗaya, Sunna, ta girma ne a gidajen maƙwabta yayin da uwar take can wajen taro. Tana gama sakandare ta yi kudu, ta yi aure, ta haifi Ibba. Yarinyar shekararta bakwai, ba ta san kalma goma na harshen kakarta ba. Ravna ta yi wa Ibba rajistar shaida tun bara, ta zaɓar mata mai farin goshin nan, tana son yarinyar ta riƙe wuƙar da hannunta. Sunna ta ce za ta duba. Har yau ana dubawa.

Ravna ta fita ta hau ɗan tudun da waya ke kamawa, ta kira Sunna.

"Mama, na faɗa miki," in ji Sunna da harshen kudu. "Makarantarsu ta ƙi ba ta izini. Sun ce yankan kunnen dabba ba uzuri ba ne."

Ravna ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Wannan maganar ita ta kashe ƙuruciyarta tana rushewa, ga ta nan da ranta a makarantar jikarta.

"Da kin gaya mini, da na kira su."

"Na sani. Da kin kira su, kin yi nasara, an saka ki a jarida. Mama, ki yanka mata kawai, ai ba sai ta zo ba."

"Ba ni da iko. Sai da izininki."

"Izinina kuma?"

"Uwar da take bi taki ce."

Ravna tana jin ƙarar motoci a bayan Sunna.

"Ni ina na ga barewa? Ai na ɗauka Kawu Heika ya cinye su tuni."

"Ya so. Duk shekara nakan kama 'ya'yan naki in yanka musu shaidarki. Uwar nan jikar wadda kika kama ce ranar da kika faɗi a taɓo."

"Ranar ba kya nan," in ji Sunna a hankali.

"Ba na nan. Heika ne ya ba ni labari."

Ba ta kare kanta ba, don babu abin karewa. Kewar 'yarta ta taso mata, kewar yarinyar nan mai taɓo a fuska wadda ba ta gani ba, ba kuma za ta taɓa gani ba.

Can sai Sunna ta fara karanto shaidarta, wannan karon da harshenmu, tana tuntuɓe a kan kalmomin kamar mai tafiya cikin takalmin aro.

"Kunnen dama, a datse baki. Na hagu, tsaga biyu ta gaba... haka ne?"

"Haka ne, 'yata."

"Na ba Ibba 'yar barewar. Ki yanka mata." Ta ja numfashi. "Mama, kar ki kashe wayar. Ina so in ji su."

Ravna ta sauko ta miƙa wa Heika igiyar. Ya kalli fuskarta, ya karɓa. Jifa ɗaya ya zarge mai farin goshin, ya durƙusa a kanta ya yanka shaidar Ibba, ya saka wa ƙanwarsa guntun kunnen a aljihu. Sannan ya je ya ja ƙofar shinge.

Garken ya ɓalle ya nufi dutse. 'Yar barewar ta tashi tana girgiza kai, ta yi ta kuka har uwarta ta amsa, ta bi ta da gudu. Yaran makaranta suka ruga bayansu suna ihu da harshen da Ravna ta ƙwato musu. Ita kuwa tana tsaye a cikin shingen da ya zama fanko, ta ɗaga waya sama tana nuna ta wajen dutse. Hannunta ya gaji, ta koma da ita ɗaya hannun. Ba ta san ko Sunna tana kan layi ba, kuma ba ta yarda ta duba ba.