Hannu Biyu, Duk na Hagu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan.

…kuma talatin da takwas ne ƙirjin matar direba, ba arba'in ba. Talatin da takwas. Kafaɗa sha biyar, hannu ashirin da biyu da rabi. Ga su nan suna shigowa, ɗaya na bin ɗaya, kamar yaran da aka taso daga makaranta. Uwar Awo — haka duk layin teloli ke kiranta, don shekara talatin tana yanka ba ta taɓa rubuta awon kowa a takarda ba, a ka take riƙewa — tana zaune a gaban kekenta, shagon rabi a kwashe, kwalaye a ɗaure. Ƙarfe huɗu mai shagon zai zo karɓar makulli. Ita ta ce ya zo. Da bakinta ta ce ta gama, kai ya lalace.

To ga kan nan. Garau. Kwana uku ke nan garau.

Ga kuma abin da ke kan cinyarta: katin ƙwayoyi, fanko, an ɓare kowane gida. Ba ɗaya ba ne. Goma sha nawa… ba ta son ƙirgawa. Yau da safe ta same su, a durowar 'yarta Auta, tana neman ɗaya makullin shagon da za ta haɗa ta mayar. Ƙarƙashin gyale. Da ɗan turmi na tangaran, ɗan mitsitsi, farin gari ya maƙale a gindinsa.

Wata takwas. Wata takwas kai kamar an cusa masa auduga. Da rana tsaka, mutane na kai-komo a bakin titi, ita tana gyangyaɗi a kan keke, ƙafa na takawa, ido a rufe. Ta ɗauki almakashi ta tsaya tana kallonsa — me za a yi da kai ma? Mace ta shigo, fuska sananniya, sunan ya ƙi zuwa, awon ya ƙi zuwa, sai murmushi da "sannu da zuwa, 'yar uwa," ana jan gaisuwa ko Allah zai kawo. Ita da ake tsokana ana cewa ko inuwar mutum ta gani za ta yanka masa riga…

Sai yadin malamar makaranta. Mai fuska da baya, mai tsada, wanda ɗan malamar ya aiko mata daga nesa. Hannun riga, ai ninka yadi ake yi, fuska na kallon fuska, a yanka sau ɗaya, a sami na dama da na hagu. Ko wanda ya yi sati biyu a shago ya san wannan. Ita ta shimfiɗa, ta yanka, ta sake shimfiɗawa, ta sake yankawa. Hannu biyu, duk na hagu. Babu sauran yadi. Malamar ba ta yi faɗa ba — da ma faɗan ta yi. Dafa mata kafaɗa ta yi ta ce, "Mama, ki huta haka nan." Mama! Sa'arta ce fa.

Daga nan aka shiga bin likitoci. Wa ke riƙe mata jaka? Auta. Wa ke bin layi, wa ke karɓo takardar gwaji? Auta, 'yar autarta, mai aiki a shagon magani, wadda ta san sunan kowace cuta. Ko jini ne ya yi ƙasa — aka ɗiba, aka ce ya isa. Ko sukari — lafiya lau. Ko wani abu ne a maƙogwaro da ke sa jiki ya mutu — aka lalluba, aka gwada, babu. Tana minshari har numfashi ya tsaya? Tana shan ruwa sosai? Ko shekarun ɗaukewar al'ada ne? Ko damuwa, tun da maigida ya rasu? Kowa da nasa. Ta sha ruwa har ta gaji da zuwa banɗaki. Ta ci ganye kamar akuya.

Likitan nan mai furfura, na ƙarshe, ya cire tabarau, ya dube ta. Akwai wani magani da take sha? Ko na mura, ko na barci, ko wane iri?

Wa ya amsa?

Wa ya amsa, kafin ta buɗe baki?

"Babu, likita. Umma ba ta son magani."

Ko ido ba ta ƙifta ba. Hannunta a kan gwiwar uwarta, tana ɗan bubbugawa…

Maganin nan na kan cinyarta ta san shi, na barci ne. Satin da baban yara ya rasu ne, da ido ya ƙi rufuwa, aka rubuta mata na kwana goma sha huɗu. Ta sha uku ta ture sauran, ta ce ba za a kwantar da ita kamar jaririya ba. To ashe an kwantar. Gwangwanin madara, mai jan murfi. "Wannan naki ne ke kaɗai, Umma, marar kitse ce, kar ki taɓa tamu." Kowace safiya cokali biyu a shayi. Ita kuwa har yabo take yi wa maƙwabta: kun ga mai tausayin uwa. Shekaranjiya waccan Auta ta tafi wani horo na aikinsu, ta cika gwangwanin dam kafin ta fita, ta yi ta nanatawa, kar ki manta, kar ki manta. Tururuwa ce ta shiga. Tururuwa! Ta juye shi a shara, ta sha shayinta baƙi. Da ba don tururuwa ba…

A'a. Ba asibitin ne ya fi ciwo ba. Ba hannun rigar ba ma.

Ranar nan ce, a tsakar gida, tana tsince shinkafa ta rasa me take tsincewa. Ta tuna tata uwar, yadda gigin tsufa ya cinye ta a hankali, har ranar da ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Sai ta ajiye faranti, ta kama hannun Auta da hannu biyu, tana kuka kamar ƙaramar yarinya, ta ce abin Inna ne ya zo mini. Ta ce in na fara mance ki, ki yafe mini tun yanzu, ba ni ba ce. Ta ce kar ki bari in fita titi ba ɗankwali.

Auta ta rungume ta. Ta shafa mata baya. Ta ce Allah zai kawo sauƙi.

Washegari cokali biyu.

Auta ta ji ta tana roƙon gafarar ciwon da babu shi, ta san babu shi, ita ke daka shi a turmi — ta shafa mata baya.

Don me? Shagon take so? Auta ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Gidan? Nata ne ko yau ko gobe. To don me…

Ta sani. Abin haushin ke nan da kai mai kyau, ba ya barin mutum ya ɓuya. Muryar Auta ce ta bayan labule, tana waya da yayanta, wata rana can cikin audugar: "Wallahi Yaya, Umma ta yi laushi. Gidan ya yi daɗin zama." A lokacin har daɗi ta ji, wai ana yabonta.

Ta yi laushi.

To da can mece ce ita? Ƙaya? E, tana da baki, ba ta musu. Bayan rasuwar ta yi faɗa da kowa, da mai kawo ruwa, da ƙofar da ke ƙara, da Auta — a kan gishiri, a kan takalmi, a kan me ya sa ba ta kira mota da wuri ba ranar da babanta ya faɗi. Ta faɗi wannan? Ta faɗa. Sau nawa? …To sai a zaunar da ita a gaya mata. A yi mata rashin kunya ma, a bar mata gidan. Mutum ake yi wa haka. Ba a rage shi kamar fitila.

Kuma shi… baban yara. Wata takwas da ya kamata ta yi tana kukansa, an ɗauke mata. Yau da safe ta ga hularsa a bayan ƙofa, sai ka ce jiya aka fita da shi. Sabo fil. Babu abin da ya warke, rufewa kawai aka yi.

Uku da kwata. Ta kwance kwalayen? Ta ce wa mai shagon ta fasa? Ta ce masa me — 'yata ce? Layin nan kafin magariba kowa ya ji, gobe a kori yarinyar daga aiki, jibi… A'a. To ta miƙa makullin, ta tafi a matsayin wadda kanta ya lalace? Da wannan kan?

Sai ta gaya wa wani. Ƙirjinta ba zai ɗauka ba, dole wani ya ji abin da aka yi mata. Ta laluba waya, yatsa na tafiya da kansa, inda ya saba zuwa duk ranar da abu ya dame ta, ta kara a kunne, tana ringi, sau ɗaya, sau biyu — sai a nan ta ga lambar wa ta danna.

"Umma? Ina cikin aji ne, na fito. Lafiya dai? …Umma? Kin dai sha shayinki da madarar ko?"

Ga maganganun nan. Duka. Karo na farko cikin wata takwas, a jere, kowace da kaifinta, babu wadda ta ɓace. Muryar yarinyar kuwa tana ɗan rawa can ƙasa, irin rawar da take yi tun tana ƙarama in ta fasa abu.

"Na sha," in ji Uwar Awo.

Ta ji ƙaryar tana fita daga bakinta, sumul, ko gargada babu. Ashe haka yake da sauƙi…

Ƙurunƙus. Nan na baro ta, waya a kunne, ban san me ta ce daga baya ba.