Matsarmamar Umma

Shekara biyu muna kiran ciwon Umma olsa. Duk ranar da Baba ya dawo daga mayanka da nama mai kitse, kuma kusan kullum ne, sai ta ci ta kwanta riƙe da haƙarƙarin dama, tana cewa har kafaɗa yake sara. Mu kuwa, likitocin gida, sai mu ɗumama mata madara. Ni ce babbar 'yarta, da karatuna da komai, kuma ni nake miƙa kofin.

Ranar da abin ya ƙi lafawa, ga zazzaɓi ga amai, muka kai ta asibiti da hantsi. Likitar mace ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ta sa yatsu ƙarƙashin haƙarƙarin Umma, ta ce ta ja numfashi. Umma ta fara ja, sai numfashin ya tsaya cak, ta damƙe hannun likitar. Aka ɗibi jini, aka yi hoton ciki.

"Ba olsa ba ce," in ji likita. "Matsarmama ce. Tsakuwa ta toshe bakinta. Ta daɗe tana kumbura tana saɓewa, amma yau ta kai maƙura. Za mu sa mata ruwa da allurai, kada ta ci komai. So nake mu cire ta yau."

Ta miƙo takardar amincewa da aikin, Baba ya ƙi karɓar biro.

"Likita, shekarata talatin ina fawa. Na san abin da wuƙa take yi wa ciki. A ba ta magani mu ga gobe."

Likita ta juya ga Umma. Umma ta ce, da ƙyar, "Duk abin da babansu ya ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi shi baranda na roƙe shi har da kuka, ya ce in yi masa shiru. Taurin kan Baba ba na yau ba ne, amma ranar na ga tsoro ne ya cika shi, kuma hakan bai rage mini haushi ba.

Wajen ƙarfe uku Gwaggo, yayar Baba, ta iso da kwandon abinci da ba wanda ya aike ta. Tana cikin faɗa da nas a kan kwandon, sai Umma ta buɗe ido, ta yunƙura ta zauna.

"Kun ga ikon Allah, ya tafi," in ji ta. "Ba na jin komai."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ba na faɗa ba? Su dai a ba su mutum su yanka! Ke, naɗe tabarmar nan, gida za mu."

Har na fara naɗewa, ba zan ɓoye ba. Baba ne kaɗai bai yi murmushi ba. Ya matso bakin gado.

"A hankali ya tafi, ko lokaci ɗaya?"

"Lokaci ɗaya. Kamar an kwance ƙulli."

Na ga fuskarsa ta sauya, kuma nan take na tuna. Ina ƙarama yakan ɗora hanta a faranti ya nuna mini 'yar koriyar jakar da ke manne da ita. Yakan ce in ta cika tam take, in kuwa ka ga ta yi laushi farat ɗaya, to ta fashe, kuma duk inda ruwanta ya taɓa ya ɓaci.

Baba ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ƙwala wa likita kira. Mutumin da ko sallama ba ya ɗaga murya.

"Ta fashe, likita! Wallahi ta fashe!"

Likita ba ta tambaye shi yadda ya sani ba. Ta danna cikin Umma, ya fara tauri kamar katako, gumi na tsattsafo wa Umma a goshi. Ta duba bugun zuciya, ta kalli nas, sai ɗakin ya rikice da turin gado da kiran sunayen magunguna. Umma ta sa hannu da kanta, Baba ya sa nasa a ƙasa.

Awa uku muka yi a kan benci. Gwaggo ta rungume kwandonta.

Da likita ta fito, ta ce sun cire, sun wanke cikin sosai, Umma tana numfashi da kanta. Kwana biyu masu zuwa su za su nuna.

"Ina so in gan ta," in ji Baba.

"Ba ta farfaɗo ba tukuna."

"Matsarmamar nake nufi."

Aka kawo ta cikin ƙaramin kwano, da tsakuwoyi a gefe kamar ƙwallayen dabino. Ya daɗe yana duban inda ta yage. Sannan ya juyo gare ni, idanunsa jawur.

"Shekara talatin ban taɓa fasa ta dabba ba," ya ce. "Sai ta uwarku."