Inda Motar Yaya Ke Mutuwa

Bakaniken yana kwance ƙarƙashin wata akori-kura ya ji ƙarar injin da ya sani. Bai ko leƙo ba ya gane ta. Motar yayansa ce, tsohuwar nan ruwan toka, wadda tun rasuwar mai ita take lulluɓe da tamfol a ƙofar gida. Ya fito yana goge hannu, sai ya ga Auta, 'yar marigayin, a bayan sitiyari cikin fararen kayan aikinta na asibiti. Uwarta na zaune a baya.

Bayan gaisuwa Auta ta faɗi abin da ya kawo su. Ta fara fita aiki da motar, kuma lafiya lau take tafiya ko'ina a gari, amma da zarar ta kama hawan nan mai kaiwa asibiti, daidai gindin babbar bishiyar, sai ta fara tari, ta yi fizge-fizge, ta mutu. In an jira kaɗan ta tashi kamar ba ita ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ba wanda ya ƙara bayani, don duk sun san wurin. Nan aka tsinci Yaya bara, motar a gefen titi, kansa a kife kan sitiyari. Ciwon ƙirji ya taso masa da hantsi, ya ƙi a kai shi, ya ce zai tuƙa kansa. Kowa ya ɗauka ciwon ne ya ci ƙarfinsa ya gangara ya tsaya.

Matar Yaya, wadda da ba ta ganin bakaniken ba ta tsokane shi kan baƙin farcensa ba, ta ce a hankali, "Ni na san ba gyara take nema ba. Ba ta son wuce inda ya tsaya ne."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ya ce su bar masa ita.

Da ya shiga, ya tarar Auta ta matso da kujerar gaba, amma ramin da jikin Yaya ya yi a cikinta yana nan, sai da ya ji kamar a cinyar mutum ya zauna. Har yanzu akwai ɗan ƙamshin turarensa gauraye da fetur. A cikin gareji injin bai nuna komai ba, yana ta bugawa sumul. Don haka ya kama hanyar asibiti. Yana isa tsakiyar hawan ya ji totur ya yi laushi a ƙafarsa, motar ta yi tari, ta yi shiru. Inuwar bishiyar ce ta rufe gilashin.

Ya daɗe riƙe da sitiyari kafin ya iya fita. Ya ɗaga bonet, ya gwada wuta a fulogi, tana nan shuɗiya tas. Ya cire murfin kafireto, mai haɗa wa inji mai da iska, ya leƙa maƙogwaronsa yana jan totur da hannu. Ko ɗigon mai bai feso ba. Filtar tace mai ma, da ake ganin cikinta, kusan a bushe take. Yunwa ce ke kashe motar, ya gaya wa kansa, yunwa kawai. Duk da haka bai yarda ya juya wa kujerar direba baya ba.

Ya bi abin daki-daki kamar yadda Yaya ya koya masa tun yana ɗan riƙe masa sifana. Ya canja filta. Ya kwance kafireto ya wanke, ya busa kowane ɗan rami, ya duba allurar da ke buɗe wa mai hanya ko tana maƙalewa. Ya zare tiyo daga famfon mai ya sa a kwalba, famfon ya yi ta tofo fetur da ƙarfinsa. Ko'ina ya kai hannu sai ya tarar Yaya ya riga shi. Bahago ne, ɗaurin wayarsa ta hagu yake murɗawa, ga su nan a kan kowane tiyo. Bakaniken ya tsinci kansa yana magana shi kaɗai, yana tambayar me ya sa aka ɗaure nan haka, kuma yana ɗan saurarawa kamar za a amsa.

Ya koma hawan, ta mutu. Ya yi zargin tanki ba ya shan iska, ya sassauta murfinsa ya sake komawa, ta mutu a wurin. Mai faci da ke zaune ƙasan hawan ya daina yi masa sannu, sai dai ya bi shi da ido. Maƙwabcinsa mai walda ya ba shi shawara ya sayar da ita ga masu yankan ƙarfe ya huta, ya ce akwai motar da ba ta yin ubangida biyu.

Washegari da safe ya cika galan da fetur, ya ɗaure shi a cikin motar, ya ja tiyo daga galan kai tsaye zuwa famfo, ya raba ta da tankinta. Ya kama hawan. Bishiyar ta zo, ta wuce ta gefensa, motar ko gezau, har ƙofar asibiti. A nan ya ga ashe tazarar daga bishiyar zuwa asibitin ba ta kai komai ba. Mai lafiya zai taka ta kafin shayinsa ya huce.

Ya sauke tankin, ya tsiyaye shi, ya haska ciki. Wani abu baƙi yana kwance a ƙasa. Ya lanƙwasa waya ya jawo shi. Tsumma ne, bai fi tafin hannu ba, ya yi laushi kamar ganye. Sai ya tuna an taɓa sace murfin tankin, Yaya ya yi watanni yana toshe bakin da ƙyalle. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tsumman yawonsa yake cikin mai. In mota ta ɗaga kai a hawa, sai ya zame zuwa bakin bututun, famfo ya tsotse shi ya toshe hanya. Inji na mutuwa ya sake shi.

Ya shanya tsumman kan benci. Da ya fara bushewa sai zanen ya fito, siraran layuka masu shuɗi, da rabin ramin maɓalli. Ya san rigar, ta Yaya ce. Sai wani abu ya faɗo masa wanda tun bara bai ba shi muhimmanci ba. Ranar da ya je ɗauko motar daga gindin bishiyar, ya tarar an ja abin buɗe bonet. Yaya bai tsaya don kansa ba. Motar ce ta mutu masa, ya miƙa hannu zai buɗe ya duba, ƙarfin fita ya gagara.

Da yamma suka zo. Ya yi wa Auta bayani sama-sama, ya ce datti ne a tanki, ya wanke, ba za ta ƙara ba. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Baffa, wallahi har na fara tsoron hanyar."

Uwarta ba motar take kallo ba. Idonta na kan benci. Ta ɗauki tsumman ta juya shi, ta shafa ramin maɓallin da babban yatsa.

"Tun yaushe yake ciki?"

"Allah kaɗai ya sani," in ji shi.

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta ninke shi ta sa a jaka, ta ce wa Auta su tafi kada dare ya yi musu.

Motar ba ta ƙara mutuwa ba. Auta ta shekara tana zuwa aiki da ita, har ta samu canjin wurin aiki ta tafi da ita wani gari. Bakaniken bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gano ba, matar Yaya ma ba ta ɗaga zancen ba. In ya je gaishe ta sukan yi hirar jikoki da ciwon gwiwa, ta zuba masa ruwa, sannan ya tashi ya koma gareji.